Na soka wa tsohuwar kwamfuta katin netwok, injin yankan sitika ya daina aiki

Mai Yankan Sitika:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah taimako nake nema, yau kwana uku ke nan aiki ya tsaya mini cak a shago. Ina da wata tsohuwar kwamfuta 'yar kwatano, Pentium III mai Windows 98, tun mahaifinmu na da rai yake aiki da ita. Aikinta guda ne tak, ita ke tuƙa injin da muke yankan sitikar motoci da ta allunan shaguna. Zane a laftof nake yi, in kwaso a filashi in kawo mata. To filashin ne ya ishe ni, wani ta karɓa wani ta ƙi, shi ne na ce bari in haɗa ta da rauta da waya in huta.

Na tono wani katin netwok a kwalin kayan marigayi, na soka shi a doguwar baƙar kafar nan ta ƙasan bod. Baki biyu gare shi, ɗaya na wayar netwok, ɗaya zagayayye kamar na eriyar talabijin. Tun daga ranar netwok bai hau ba, injin kuma sai ya fara yanka ya tsaya a tsakiya, wuƙa na kan leda, kwamfuta ta yi ta jira. Na yi asarar leda ba kaɗan ba, ga masu adaidaita sahu uku suna ta zarya kan aikinsu.

Ɗan Kasuwar Waya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa gaskiya ɗaya ce, wannan kwamfutar ta gama aikinta. Ka sayi wayar nan mai mayar da USB zuwa siriyal, ka jona injin da laftof ɗinka kai tsaye. Me zai sa ka zauna kana fama da abin da ya girme ka?

Mai Yankan Sitika:
Na so hakan. Matsalar ita ce manhajar yankan ba ta buɗewa sai ta ga makullinta, wani ɗan ƙarfe da ke soke a kafar firinta ta baya. Laftof ba shi da wannan kafar. Na gwada wayar USB mai bakin firinta, manhajar ba ta ga makullin ba.

Malamar Kwamfuta:
Ba za ta gan shi ba kuwa. Waɗannan wayoyin firinta kaɗai suka sani, makulli kuma ainihin kafar yake nema da adireshinta. Ƙanena, kafin a yi nisa faɗa mana abu uku. A wace kafa injin yake, COM1 ko COM2? Windows da kanta ta gano katin ko kai ka nuna mata? Sannan me Device Manager ya ce?

Mai Yankan Sitika:
Anti, a COM2 yake, don ta ɗaya alluranta sun karye tun da daɗewa. Windows ba ta ga katin da kanta ba, sai da na bi ta Add New Hardware ta lalubo shi da sunan NE2000 Compatible. Da farko ta sa masa alamar rawaya, ta ce lamba 3 tana hannun COM2. Sai na shiga Resources na mayar da ita 10. Ta ce 10 ɗin ma USB na kai, na kashe USB ɗin a nan cikin Windows tunda dama filashi nake gudu. Alamar ta ɓace, yanzu rubutawa take babu wani rikici. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan.

Tsohon Mai Gyara:
Ɗana, ka kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, injinka ma haka. Wannan ciwon mun sha maganinsa lokacin da ake buɗe shagunan intanet na farko, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Bari in yi maka bayani a tsanake, don idan ka gane tushen, sauran duk mai sauƙi ne.

Duk na'urar da ke cikin kwamfuta, idan tana da magana da furosesa, akwai layin da take ja ta kira shi. Shi ake ce wa IRQ. A irin waɗannan tsofaffin layukan 16 ne kacal, daga 0 zuwa 15, kuma yawancinsu da masu su tun daga masana'anta. 0 na agogon ciki ne, 1 na kibod, 2 shi ke haɗa rukunin farko da na biyu, 3 na COM2, 4 na COM1, 6 na fulofi, 7 na kafar firinta, 8 na agogon kwanan wata, 12 na maus mai zagayayyen baki, 13 na sashen lissafi, 14 da 15 na hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) da na'urar faifai. Katin sauti ya saba zama kan 5. Ka ga abin da ya rage a yi rabo 9 da 10 da 11 ne, su ma katin hoto da USB sun riga ka zuwa.

Baƙar kafar da ka soka katin sunanta ISA. Katin ISA ba ya raba layi da kowa. Idan biyu suka hau layi ɗaya, wannan na ɗaga shi wancan na danne shi, kiran ɗaya ko na dukansu ya ɓace. Katunan NE2000 kuwa da yawansu a kan adireshi 300 da layi 3 suke fitowa, layin COM2 ke nan, inda injinka yake. Kwamfuta na tura zane ta siriyal kaɗan-kaɗan, tana jiran kafar ta ja layi ta ce ƙaro. Kiran bai iso ba, sai ta zauna jira, wuƙa ta tsaya a kan leda.

Abin da ka yi a Windows kuma, kamar a tashar mota ne ka je wurin ɗan kamasho ya goge sunan motarka daga layin Funtuwa ya rubuta a na Kaduna, alhali motar ba ta motsa daga inda take ba. Littafi ya gyaru, tasha tana nan a cushe. Windows na sauraron katin a 10, shi yana can yana kira a 3.

Mai Yankan Sitika:
Allah ya saka da alheri Baba, yanzu na fara gani. To yaya zan matsar da motar kanta?

Tsohon Mai Gyara:
Kashe ta, ka zare wayar wuta daga bango, kada ka tsaya ga maɓallin gaba, don irin waɗannan ko a kashe suke akwai 'yar wuta a bod. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa kati. Zaro shi ka karanta mini rubutun da ke kan babban baƙin guntun tsakiya. Ka duba kuma ko akwai jerin allurai masu 'yan hulunan roba da aka rubuta IRQ a gefensu. Tunda ka fito da shi, goge haƙoran zinarin nan da kilinar fensir, ka hure ƙurar ramin.

Ɗan Kasuwar Waya:
Baba da girmanka, amma duk wannan wahalar ta mece ce? In dai dole sai an riƙe kwamfutar, ai akwai fararen kafofi a bod ɗin. Ya shiga Beirut Road ko duk inda ake sayar da tsofaffin kaya ya nemi katin PCI mai Realtek 8139, ya soka, magana ta ƙare. Gudunsa ma ya ninka na wannan sau goma.

Injiniya daga Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ma nan na fi karkata. Katin PCI an gina shi ne don ya raba layi. Shi ba fizgar layin yake ya saki ba, riƙe shi yake har a zo a saurare shi, don haka ko uku suka taru a kan lamba ɗaya, kowane direba, wato manhajar da ke tuƙa kati, sai ya leƙa nashi katin ya ga ko shi ya yi kira. Shi ya sa in ka ga USB da katin hoto da netwok duk a kan 11 ba abin tsoro ba ne. Wanga kati na ISA kuwa megabit 10 ne iyakarshi, 8139 yana kai 100.

Sai dai kada a ce mishi PCI ba ya rikici sam. Na taɓa kwana biyu kan wata kwamfuta da ke sandarewa duk sa'ad da aka turo babban fayil. Ashe na soka katin a farar kafa ta farko, wadda ke manne da ta katin hoto, su biyun igiya ɗaya suke bi a bod, direban hoton kuma ba ya son abokin zama. Na matsar da shi kafa ta uku, shi ke nan.

Tsohon Mai Gyara:
Injiniya ban musa maka ba, da a ce yau zai shiga kasuwa ne da PCI zan ce ya saya. Amma yaron nan aiki ne a gabansa yau, katin kuma yana hannunsa. In ya sayo wancan sai ya nemi direbansa na Windows 98, sai ya yi addu'ar katin da aka ba shi mai rai ne. Fayil ɗin sitika kuma nawa yake? Layuka ne kawai ba hoto ba, kafin ka ɗaga kofin shayi ya wuce ko a megabit 10.

Mai Yankan Sitika:
Baba na zaro. An rubuta RTL8019AS. Babu allurai ko ɗaya. Ga wani abu kuma, da na tayar da ita babu katin, na gwada injin ya yanka sitika guda har ƙarshe bai tsaya ba. Na samu na sallami mutum ɗaya.

Malamar Kwamfuta:
Alhamdu lillahi, ka ga shaida ke nan. Da ma wannan ne gwajin farko da ya kamata mu ce ka yi. Sallami sauran biyun tukuna kafin ka mayar da katin, kada neman netwok ya sa ka rasa kwastoma.

Tsohon Mai Gyara:
Madalla, katin kirki ne. Tunda ba shi da allurai, saitinsa na cikin wani ɗan ƙaramin guntu mai ƙafa takwas a jikinsa, kuma ba ya mantuwa ko ya shekara ashirin a kwali. Abin da mai shi na farko ya sa, shi ne yake kai har yau. Manhajar da ke canja shi sunanta RSET8019, 'yar ƙarama ce ta DOS. Ka sauke ta a laftof, ka kunna USB ɗin da ka kashe na ɗan lokaci ka shigar da ita, ko ka ƙona ta a faifai.

Kada ka buɗe ta a cikin Windows. Lokacin tashi ka riƙa danna F8, ka zaɓi Command prompt only, daga nan ka kira ta. Fara da duba saitin da ke kai, ka rubuta a takarda kafin ka taɓa komai. Sannan ka mayar da layin 10, ka bar adireshin a 300. Akwai wurin zaɓar baki, tunda biyu gare shi. Zagayayyen na tsohuwar waya ce mai kama da ta eriya, ba ruwanka da shi, ka bar shi ya gano da kansa ko ka ɗaure shi a kan 10BaseT.

Ɗalibin Poli:
Gafara dai manya, ni a abin da na karanta gara ya canja adireshin ma gaba ɗaya, tunda 300 kowa shi yake so. Ya sa 360 ko 320, ya yi nesa da cunkoso.

Malamar Kwamfuta:
A'a, kada ya kuskura. Katin NE2000 ba adireshi ɗaya yake ci ba, 32 yake kwashewa a jere. In ka sa shi a 360 zai miƙe har 37F, kafar firinta kuwa a 378 take, wato a tsakiyar gonarsa. Makullin manhajarsa a nan yake zaune. Zai gyara netwok ya wayi gari manhaja ta ce ba ta ga makulli ba, kuma ba zai taɓa kawo wa ransa katin ne ba. 320 kuma yana kaiwa 33F, ya haɗiye 330 inda katunan sauti da yawa ke ajiye sashen MIDI. Ya duba Device Manager, in babu kowa tsakanin 300 da 31F ya bar shi nan.

Ɗalibin Poli:
Na gode Malama, wallahi ban san da faɗin ba. Na ɗauka lamba ɗaya ce kawai.

Injiniya daga Maraɗi:
Tunda 8019AS ne, akwai hanya mafi sauƙi. A cikin RSET ɗin akwai wurin zaɓar yanayin aiki. Ya hid da shi daga jumperless, wato saitin hannu marar allurai, ya maida shi Plug and Play. Daga nan BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, da Windows za su riƙa ganin shi, su ba shi layin da babu kowa da kansu. Sai ya goge wancan NE2000 da ya sa da hannu, Windows ta gano shi sabo. Don haka aka yi tsarin.

Tsohon Mai Gyara:
Don haka aka yi shi, amma ni na ga yadda yake yi a bod ɗin wancan zamani. Yau ya ba ka 10, gobe ka ƙara wani abu ko ka zare, ya sake rabo, ya ɗauki katin ya kai 5 ya kori sauti. A kwamfutar gida ba komai. A kwamfutar da ke riƙe da abincin mutum na fi son in san inda kowa yake zaune, in rubuta, in ɗaure shi a nan. Ra'ayina ke nan, na kuma san akwai waɗanda suka yi shekaru a kan Plug and Play ba su ga komai ba.

Injiniya daga Maraɗi:
To Baba, amma ɗaurewar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane ke mancewa. Mu ga yadda za ta kaya.

Mai Yankan Sitika:
Jama'a barkanmu da yamma. Na sallami mutanena duka. Na mayar da katin, na shiga RSET, kuma wallahi kamar Baba na tsaye a bayana: jumperless, 300, layi 3. Na mayar da shi 10. Yanzu injin na yanka lafiya ga kati a ciki. Saura netwok. Fitilar katin na kamawa, ta rauta ma na kamawa, amma da na buga winipcfg don in ga adireshinta na netwok, lambar da nake gani tana farawa da 169.254. Laftof kuwa 192.168 yake nunawa.

Ɗan Kasuwar Waya:
Waya ce. Tsofaffin katuna sai da kurosoba, wayar netwok mai wayoyin ciki a juye.

Malamar Kwamfuta:
Kurosoba sai in kwamfuta biyu tsofaffi za a haɗa baki da baki. Shi rauta ya shiga, miƙaƙƙiyar waya ce daidai, kuma fitila ta kama ta kowane ɓangare. Lambar 169.254 ita Windows ke ba kanta idan ta nemi adireshi ba ta ji amsa ba. Ina kyautata zaton rautar ta amsa, katin ya karɓa, ya ja layi 10, ba wanda ya ji.

Tsohon Mai Gyara:
Haka ne Malama, kuma laifina ne, sharaɗin da Injiniya ya faɗa ke nan ban kai ga faɗa masa ba. Ɗana, kashe USB da ka yi a Windows bai ƙwace layin daga hannunsa ba. BIOS ne ke rabon tun kafin Windows ta farka, kuma shi bai san da katinka ba sam, don katin jumperless ba ya gabatar da kansa. A wurinsa 10 fili ne, sai ya ba wa ɓangaren PCI. Da zarar an ba PCI layi, kiran da ya taso daga baƙar kafa a kan wannan lambar ba ya isa.

Ka gani da idonka. Lokacin tashi, dab da Windows za ta fara, akwai wani jadawali da ke giftawa mai jerin na'urorin PCI, lambar IRQ na can ƙarshen dama. Danna Pause ya tsaya. Za ka ga mai riƙe da 10.

Gyaran: danna Del ka shiga BIOS, ka nemi shafin PNP/PCI Configuration. Resources Controlled By ka mayar da shi Manual, jerin layuka zai fito. A kan IRQ 10 ka canja daga PCI/ISA PnP zuwa Legacy ISA. Ma'anarsa ka ce masa wannan da mai shi, kada ka ba kowa. PNP OS Installed ka sa No. Reset Configuration Data ka kunna shi sau ɗaya, zai goge tsohon rabon ya yi sabo, sannan ya mayar da kansa a kashe. Tunda COM1 ta lalace, shiga Integrated Peripherals ka kashe ta, layi 4 ya zama rara. Ka kula sosai kada hannunka ya faɗa kan ta biyu ko kan kafar firinta. Ka adana ka fita.

Mai Yankan Sitika:
Allahu akbar! Ta hau! Na danna Pause kafin gyara na ga USB a kan 10 kamar yadda ka ce. Bayan gyara ya koma 11 tare da katin hoto. Winipcfg ya nuna 192.168, na yi ping ɗin laftof, wato na aika masa kiran gwaji, ya amsa sau huɗu. Na kunna USB ɗin ma yana aiki. Baba, Anti, Injiniya, Allah ya biya ku, Allah ya jiƙan magabata.

Malamar Kwamfuta:
Amin. Amma tsaya, akwai maganar da ta fi damuna a kan duk wannan. Ka haɗa Windows 98 da rauta mai intanet. Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro tun Yulin 2006. Shiga saitin TCP/IP ka ba ta adireshi da hannu, cikin jerin na rautarka amma lambar da rautar ba ta rabawa, ka bar gurbin Gateway babu komai, DNS ma a kashe. Za ta ga laftof, ba za ta san hanyar waje ba.

Sannan za ka tarar laftof ɗin ya ƙi ganin fayilolinta, don tsohon yaren raba fayil da 98 ke ji, SMB1, sababbin Windows a kashe suke zuwa da shi. Za a ce maka ka kunna. Ni ban ba ka shawara ba, ta wannan ƙofar WannaCry ya bi ya shiga kwamfutocin duniya a watan Mayun 2017, laftof ɗinka kuma yawo kake da shi. Ka sa ƙaramar manhajar FTP, ta tura fayil, a laftof, ka ware mata folda guda ta zane, ka riƙa kunna ta lokacin aiki kawai. Windows 98 na da umarnin ftp a cikinta.

Ɗan Kasuwar Waya:
Na yarda ta tashi, na taya ka murna. Amma ina nan kan bakana ta wani ɓangaren. Ranar da bod ɗin nan ya mutu, ko hadis ɗin, ina za ka? Ko ba ka sayi komai ba ka kwafe hadis ɗin gaba ɗaya ka ajiye, ka fara tara kuɗin manhajar da ba ta buƙatar wannan makullin.

Tsohon Mai Gyara:
Wannan kam gaskiya ka faɗa, ba ni da ja. Ya kwafe a wannan makon.

Mai Yankan Sitika:
Assalamu alaikum, ina kwananmu. Jama'a abin ya dawo. Jiya har dare lafiya, na tura zane shida. Yau da safe na kunna, injin na yanka amma ping ba ya amsawa. Ban taɓa komai ba wallahi, na danna F1 ɗina kamar kullum ta shiga Windows, shi ke nan babu netwok.

Ɗalibin Poli:
Ko katin ne ya ƙone da dare?

Malamar Kwamfuta:
Dakata. Wane F1 ne kake dannawa kamar kullum? Me ake rubutawa a allon kafin ka danna? Duba kuma kwanan watan da ke ƙasan allo ka faɗa mini.

Mai Yankan Sitika:
Wani rubutu ne mai CMOS checksum error, Defaults loaded. Ya fi shekara biyu yana fitowa duk safiya, in na danna F1 sai ta wuce, shi ya sa ban ɗauke shi matsala ba. Kwanan watan kuwa Janairu take nunawa, na wata tsohuwar shekara.

Malamar Kwamfuta:
To ga ɓarawon nan. Batirin bod ɗinka ya mutu. Shi ke riƙe wa BIOS saitinsa idan babu wuta. Jiya tana jone da wuta shi ya sa ta riƙe, da ka rufe shago ka kashe soket sai duk abin da Baba ya sa ka gyara ya goge, ta koma saitin masana'anta, 10 ya koma hannun USB. Da can ba ka ji a jikinka ba saboda ba ka da wani saiti naka da za a rasa. Katin bai manta nasa ba, shi ya sa injin bai tsaya ba. Batiri ne mai faɗi kamar kwabo, CR2032, bolt 3, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Zare waya daga bango, tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi zai tashi, ka sa sabon, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama.

Injiniya daga Maraɗi:
Abin da nake gudu ke nan Baba. A wurinmu da wuta ke tahiya ba sallama, duk gyaran da ya dogara ga BIOS ya tuna, ya dogara ne ga wanga ɗan batiri. Da Plug and Play ne, ko ta koma saitin masana'anta za ta ga katin ta ba shi wuri.

Tsohon Mai Gyara:
Ka ci wannan Injiniya, ban tambaye shi batiri ba kuma ya kamata in tambaya. Amma ko a hanyarka sai ya canja shi, don kwamfutar da ba ta san kwanan wata ba tana rikita ranakun fayil, ka rasa wane zane ne sabo. Ɗana, bayan ka sa batirin ka koma BIOS ka gyara kwanan wata, ka sake duk abin da muka yi jiya. Sannan ka samu takarda ka rubuta: katin netwok 300, layi 10, jumperless, IRQ 10 Legacy ISA, COM1 a kashe, injin a COM2, makulli a 378. Ka manna ta da salatif a cikin murfin akwatin, ka ajiye RSET ɗin a faifai kusa da ita. Tunda ka buɗe, leƙa 'yan gwangwanayen da ke kewaye da furosesa, in ka ga wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ka faɗa mini.

Mai Yankan Sitika:
Na sa batirin, na sake saitin. Na kashe ta, na zare waya daga bango na bar ta har na dawo daga sallar azahar. Da na kunna ba ta nemi F1 ba, kwanan wata daidai, ping ya amsa. Takardar ma na manna. Gwangwanayen duk kansu a shafe yake sai guda ɗaya kusa da fanka da nake ganin kamar ya ɗan tasa, zan ɗauki hotonsa in turo Baba ya duba.

Injiniya daga Maraɗi:
In ka shiga kasuwa ka ga 8139 mai araha ka saya ka aje, ka sauke direbanshi na 98 tun yanzu ka haɗa a faifan nan.

Mai Yankan Sitika:
In sha Allahu ranar Asabar zan duba, tare da hadis ɗin da zan kwafe a kai. Baba ga hoton nan na turo, na biyu daga hagu.

Tsohon Mai Gyara:
Na gani. Ya fara kumbura amma bai fashe ba. Karanta mini lambobin da ke gefensa guda biyu, mai µF da mai V, a nemo irinsa kafin ka kai wa mai soda.